Kwanon Awon Baba

Wanda bai zauna Abidjan ba, ba zai gane abin da garba yake a wurinmu ba. Abinci ne na tsaye-tsaye: aceke, wato tsakin rogon nan da ake turarawa, da soyayyen kifin tekun da ake kira ton, da yankakken tarugu da albasa, a zuba cokali ɗaya na man suyar a kai. Shi ke nan. Da shi ɗan dako ke karya kumallo, shi ɗan makaranta ke ci ya wuni, kuma in ka ga mai kwat da taye ya leƙa hagu ya leƙa dama ya faɗa wata rumfa mai labule, to garba ya je ci.

Babana ya fi shekara ashirin yana sayar da shi a wata rumfar kwano a Adjamé, bayan babbar tashar mota, wajen da ake lodin motocin arewa. Daga ƙasar Adar ya zo tun yana saurayi. Ni kuwa a nan aka haife ni, a gidan haya a Williamsville, kuma har na girma Faransanci ya fi Hausa sauri a bakina, abin da ke ci masa rai ke nan. Da na gama makaranta na yi shekara biyu ina yawon neman aikin ofis har takalmina ya cinye, sai na ɗaura gyale a ƙugu na tsaya bayan kaskon suya. Shekarata ashirin da huɗu a lokacin. Ni ne ɗan fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. “Kai wannan,” haka yake cewa, ni kuma in amsa.

Ƙa'idar garba guda ce a ko'ina. Kifi kai ne za ka zaɓa da kanka, ka ɗauki cokali mai yatsu ka jujjuya har ka sami wanda ya kwanta maka. Aceke kuwa mai rumfa ne zai auna maka. Baba yana da ɗan kwanon alminiyan mai mariƙi da yake awo da shi, ya tsufa har ya yi dishi-dishi. Zurfinsa daidai tsawon yatsan Baba na nuni ne. Ina yaro nakan ga ya nuna wa masu gardama, ya tsoma yatsan har ya nutse duka, ya ce, “Ga shi, haka yake jiya, haka yake yau.” Daga baya aka daina yi masa gardamar, shi ma ya daina nunawa. Awo ɗaya dala goma ne, da lissafinmu na gida da muke ce wa sefa biyar dala. 'Yan gari suna kiransa “lebiye”, wato tsoho, kuma har daga unguwar Saint-Michel ake takowa a zo cin na lebiye, don an san awonsa ba ya motsi.

Sai shekarar da aka karya darajar sefa ta zo. Kai, wannan shekara! Mun kwanta da kuɗinmu a aljihu, mun tashi sun zama rabi ba tare da kowa ya taɓa su ba. Ni ke zuwa Treichville da asuba sayen kifi a bakin tashar jirgin ruwa, kuma kowane mako sai an ƙara. Man gyaɗa ya hau, gawayi ya hau, matan da ke kawo mana aceke suka ce su ma ba su suka kashe zomon ba. In ka shiga woro-woro, motocin hayar nan da ake cika su da mutane, babu zancen da ake sai na ciki. Wani ya ce burodi ya rame, wani ya ce kofin shayi ya koma na wasan yara. Direba ya juyo ya ce shi jiya ya ci garba na dala ashirin, kafin ya kai ƙofar rumfa ya ji yunwa. A yi dariya, daga nan a koma zagi, har wanda zai sauka ya manta an wuce da shi.

Masu rumfunan da ke kewaye da mu duk suka bi hanya ɗaya. Ba su ƙara ko dala ba, sai suka rage abin. Kifin da ake yanka shida suka koma yanka shi tara, a tula masa fulawa ya kumbura a mai. Ka ɗaga yanka ɗaya, kana iya hango wanda ke zaune gabanka ta cikinsa. Awon aceke kuma aka koma sakin hannu, ba a dannawa. Mutane sun gani sarai, suna ci suna tsinuwa, amma gobe su dawo, domin dala goman da ke hannunsu ita ce dai ke hannunsu.

Baba ya ce shi ba zai yi haka ba. Ya ce in abu ya yi tsada a gaya wa mutum a idonsa, ya san abin da zai yi da kuɗinsa. Sai ya sa na rubuta a jikin kwali cewa awo ya koma dala goma sha biyar, muka rataye a bakin rumfa.

Tabɗi! Ka ce zagin iyayensu muka rubuta. Wani ɗan kamasho da ya shekara goma yana ci a wurinmu ya tsaya ya karanta da ƙarfi, ya juya ya ce wa jama'a, “Kun gani? Har lebiye ya shiga layin ɓarayi.” Wata ta ce baƙi sun zo ƙasarsu za su kashe su da yunwa. Ni na zabura da matsamin suya a hannu, Baba ya riƙe mini riga. Cikin kwana uku bencinanmu suka koma wurin hutawar ƙudaje, rumfar maƙwabcinmu kuwa ba masaka tsinke, shi da kifinsa mai kama da takarda. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yau in na tuna sai na ji zafin.

Abin da ya karya Baba ba zagin ba ne. Wani dattijon ɗan dako ne ya zo da rana, gumi ya jiƙe masa riga, ya buɗe tafin hannu da dala goma cif. Ya dubi kwalin, ya tambaye ni me aka rubuta, na gaya masa. Ya rufe hannunsa ya juya. Baba ya bi shi da kira har bakin titi, bai waiwayo ba. Da Baba ya dawo sai ya cire kwalin da kansa ya jefa a wuta.

“To yanzu yaya ke nan?” na tambaye shi. “Kuɗi na da, awo na da, kifi na yanzu? Baba, sadaka muka buɗe?”

“Kai wannan, juya kifinka, zai ƙone.”

Haka muka yi wata biyu. Mutane suka dawo har suka fi da, domin labari ya bazu cewa a Adjamé akwai tsohon da bai rage ba bai ƙara ba. Muna sayarwa kamar hauka, muna komawa gida hannu rabbana. Inna ta fitar da zannuwanta biyu na ajiya, aka kai kasuwa. Na ga ranar da ta dafa shinkafa ta ce ita ba ta jin yunwa, ta shige ɗaki. Na yi wa Baba magana da lalama, na yi da tsawa, na sa abokansa na masallaci suka yi masa. Amsarsa ɗaya ce, shi ba ya tauye awo, ya ji abin da aka tanadar wa masu yi, kuma ya tsufa da koyon sabon hali.

Ana nan sai gindin kwanon ya tsage. Shi da kansa ya miƙo mini ya ce in na sayi kifi in biya wajen masu gyaran tukwane a Treichville a liƙe masa. Idonsa a lokacin ya fara yana, ba ya ganin abu sosai sai dai inuwa-inuwa, aikinsa duk da hannu yake yi.

Mai gyaran ya juya kwanon ya duba, ya dube ni, ya yi wani ɗan murmushi.

“Na mai garba ne ko? Gyara irin na da kake so, ko irin na yanzu?”

Na tambaye shi mene ne irin na yanzu, alhali wallahi na gane. Ya ɗauko wani ya nuna mini. Ana yanko faifan alminiyan ne a liƙa daga ciki, sama da gindin na asali da kamar kaurin yatsa, a goge bakin ya yi sumul. Daga waje kwano yana nan yadda yake. Ya ce a makon nan kaɗai ya yi wa mutane da yawa, har da masu gemu fiye da na babana.

Ba zan ce shaiɗan ba ne, ni ne. Na tsaya na tuna Inna da zannuwanta, na tuna ɗan kamashon nan da ya kira mu ɓarayi muna kan gaskiyarmu, na ce a raina tunda an riga an ba mu sunan, bari mu ci ladansa. Na ce masa, “Irin na yanzu.”

Baba ya karɓa ya jinjina shi a hannu, ya ce ya ɗan yi nauyi. Na ce facin ne. Ya ce Allah ya yi albarka, ya tsoma shi cikin aceke ya ci gaba da awo, yana dannawa yana cikawa har ya yi tozo kamar kullum.

Wata bakwai aka yi haka. Kwandon aceken da ke ƙarewa kafin azahar ya koma kaiwa la'asar. Inna ta koma cin abinci tare da mu. Baba yana ta godiya ga Allah, yana ce wa abokansa, “Kun gani? Na ce muku in ka riƙe gaskiya albarka za ta zo.” In na ji ya faɗi haka sai in duƙar da kai in yi ta hura wutar da ba ta mutu ba. Wani lokaci mai ci zai ce, “Lebiye, yau kamar bai kai ba.” Baba ya yi dariya ya ce cikinsa ne ya ƙara faɗi. Su ma sai su yi dariya, domin wa zai zargi lebiye?

Akwai wata mata 'yar gari da muke kira Tanti, mai ɗinki ce a bakin tasha, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku. Ita ba ta ci a rumfa. Kullum da hantsi takan zo da kwanon sha nata mai zanen furanni a ciki, a zuba mata awo uku, ta kai gida su raba. Tun ina makaranta take zuwa da kwanon nan. Ta yi tafiya ƙauyensu jinyar uwarta ta daɗe, ranar da ta dawo kuwa rumfa cike take.

Baba ya zuba mata awo uku. Ta karɓa, ta kalli cikin kwanon, ta tsaya.

“Lebiye, uku na ce.”

“Uku na zuba, 'yata.”

“A'a. Awo ukunka yana rufe furannin nan. Shekara nawa ina zuwa, ban taɓa ganin furen nan da aceke a ciki ba. Ga su nan a waje ina kallonsu.”

Da Faransanci take magana, a hankali, ba da faɗa ba, amma kowa ya ji. Ni ina bakin kasko, na sunkuyar da kai. Sai wani ya ce dama shi ya daɗe yana zargi. Wani ya ce duk ɗaya suke, wannan ya fi su iya wayo ne kawai. Hayaniya ta tashi, duk haushin burodi da shayi da kuɗin mota da mutane suka tara, sai ga shi ya sami inda zai sauka. Wani matashi ya buga benci ya ce an mai da su mabarata a kan kuɗinsu.

Baba ya miƙe tsaye. Mutum ne da ban taɓa jin ya rantse ba, ko a ciniki ko a gida, yakan ce wanda maganarsa ke buƙatar rantsuwa ya riga ya yi asara. Ranar ya ɗaga kwanon awon sama.

“Wallahi tallahi, na rantse da wanda raina ke hannunsa, awon nan shi ne na shekara ashirin. Ban rage ko ƙwaya ba. Ku duba!”

Ya zazzage kwanon, ya tsoma yatsansa na nuni a ciki yadda yake yi ina yaro. Yatsan ya tsaya, gaɓa ɗaya cur tana waje.

Ya sake dannawa. Ya juya kwanon ya shafa gindinsa ta waje, ya sake shafawa ta ciki. Na ga lokacin da ya gane, fuskarsa ta saki gaba ɗaya. Bai juyo wajena ba. Wallahi da ya juyo ya kwaɗa mini kwanon a goshi da na ji daɗi. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya ɗaga hannu ta gefena, alamar in yi shiru.

“Gaskiyarki ne, 'yata,” ya ce. “Awon ya ragu. Rumfata ce, hannuna ne ya auna. Ku yi haƙuri.”

Ya karɓi kwanon Tanti ya cika shi da hannu har furannin suka ɓace. Ita ta fara kuka, tana cewa ba don ta kunyata shi ta faɗa ba. Mutane suka fice ɗaya bayan ɗaya, wasu na tsaki, wasu ko kallonsa ba su iya yi ba. Matashin nan ya tofa yawu a bakin ƙofa. Kifina ya ƙone ƙurmus a cikin mai, ban ma san yana ƙonewa ba.

Da muka rage mu biyu, tambaya ɗaya ya yi mini.

“Tun ranar gyaran?”

“Tun ranar, Baba.”

“Wata nawa ke nan?”

“Bakwai.”

Ya gyaɗa kai, ya ɗauki wuƙar yankan albasa ya zauna yana ɓanɓare facin, har ya yanke a hannu. Na ce ya kawo in yi, bai ba ni ba.

Washegari ya je wurin limamin unguwarmu. Liman ya gaya masa babu kaffara a kansa, tunda ya rantse ne a kan abin da ya yi imani gaskiya ne. Baba ya dawo ya yi azumin kwana uku duk da haka. Inna ta ce masa ai malam ya ce babu laifi. Ya ce rantsuwar tsakaninsa da Allah ce, Allah kuwa mai gafara ne, amma aceken da bai shiga cikin mutane ba fa, wa zai mayar musu?

Daga ranar ya ɗauki wata hanya da ta fi ƙarfina. Duk wanda ya zo, sai ya tambaye shi ko yana ci a nan watannin baya. In ya ce e, ya auna masa cikakken awo, ya ƙara masa ɗan tafin hannu. 'Yan unguwa kaɗan ne suka dawo, sunan lebiye ya riga ya zube. Masu wayo kuma suka gano, kowa ya zo sai ya ce shi tsohon mai ci ne, har wanda jiya ya sauka daga mota. Na gaya masa ƙarya suke yi. Ya ce ya fi son ya ba maƙaryaci goma da ya tsallake mai haƙƙi ɗaya.

Abin da ya hana shi barci shi ne matafiya. Rabin masu cin abincinmu 'yan tasha ne, mutum ya ci yau, gobe yana Bamako ko Yamai, ba zai sake bi ta Adjamé ba har abada. Sai ya riƙa barin ni a rumfa da la'asar, ya shiga tasha da idon nan nasa da ba ya gani, yana bin motoci yana tambayar yaran mota ko sun san wani mai tari da ke zuwa daga arewa duk wata, ko wasu 'yan'uwa biyu masu sayen goro. Ana yi masa dariya. Na taɓa zuwa na tarar da shi tsaye tsakiyar rana, motoci na yi masa oda, da ƙullin aceke a leda a hannunsa, yana jiran wani da aka ce masa wataƙila ya iso ranar. Na kama hannunsa muka dawo, ina tafe ina share hawaye da kafaɗa don kada ya ji.

Rumfar ba ta kai ƙarshen shekara ba. Muka sayar da kasko da bencinanmu ga maƙwabcinmu mai kifin takarda, wanda har ya buɗe ta biyu. Baba ya ce zai koma gida Adar, shi da Inna, ya gaji da birni. A duk watannin nan bai zage ni ba, bai gaya wa kowa ni ne ba, har Inna sai da bakina ta ji. Yana ce mini “kai wannan” kamar da, muna cin abinci kwano ɗaya. Shirun nan ya fi mini duka ciwo.

Na raka su tasha, tashar da muka yi shekaru muna ciyarwa. An ɗaure kaya, Inna ta shiga ta zauna. Shi ya tsaya a ƙofar mota, ya laluba aljihun rigarsa ya fito da kwanon awon, da tsohuwar tsagarsa a gindi, ya sa mini a hannu. Sai na durƙusa a nan cikin mutane da ƙurar tasha, na riƙe ƙafarsa.

“Baba, ka yafe mini.”

Ya dafa kaina, ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

“Nawa na yafe tun ranar. Ka ga uwarka da yunwa ne, na sani. Tashi.”

Na tashi. Yaron mota na ta buga ƙofa yana cewa a shiga.

“Amma na mutane ba nawa ba ne da zan yafe maka,” ya ce. “Na nemi waɗanda na iya samu. Saura suna wuyanmu, ni da kai. Ni idona ya ƙare. Kai kana gani.”

Bai ƙara shekara biyu ba a gida ya rasu, ban samu zuwa jana'iza ba. Ni na koma sayar da kayan waya a Treichville, na yi aure, na haifi 'ya'yan da Hausarsu ta fi tawa rauni. Garba kuwa ya ci gaba da tsada yana ƙanƙancewa, ana ci ana zagi kamar da, ni ma ina cikin masu ci, sai dai ban taɓa iya buɗe baki na ce wa mai rumfa awonsa ya ragu ba. Kwanon yana cikin akwatina. Har yau in hanya ta bi da ni ta tashar Adjamé sai in rage tafiya ina duban fuskokin tsofaffin matafiya, kuma ban san ko ɗaya daga cikinsu ba, domin a watanni bakwai ɗin nan kaina a duƙe yake a kan kasko.